Yadda kwamfuta ke mayar da hoto haruffa, da abin da ya sa naka ya fito kamar an ja shi

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, bara na fara koyon Python. Na ga ana mayar da hoto ya koma haruffa zalla, sai na kwafo wani kod a intanet na gwada da hoton da na ɗauka a ƙofar fada ranar Sallah, dogarai suna tsaye. Abin ya fito dogo kamar an ja shi, ba a gane kowa. Da na tura wa abokaina ta WhatsApp kuma sai layukan suka wargaje. Na sake gwadawa da hoton kakata, fuskarta ta fito baƙi ƙirin. Kod ɗin ne ba shi da kyau, ko wayata ce? Kuma yaya abin yake aiki tun daga tushe?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya guda ka yi a baki, amma cuta huɗu ce a cikinta: hoto ya miƙe, dogarai sun ɓace, fuskar tsohuwa ta dushe, WhatsApp kuma ya watsa sauran. Ka wanke wayarka daga zargi, ba ta da laifi ko ɗaya. Kod ɗin ma, ban da lamba guda da ya rasa, ina kyautata zaton lafiyarsa lau, domin kusan duk waɗanda ke yawo a intanet abu guda suke yi, kuma ba su wuce layi goma zuwa sha biyar ba. Inda gizo ke saƙa shi ne hoton da ka ba shi, da kuma wurin da za a kalli abin da ya fito. Waɗannan biyun kod ba ya yanke maka hukunci a kansu.

Sana'ar ta girmi kwamfuta. Tun 1898 wata mata mai suna Flora Stacey ta zana malam-buɗe-littafi da keken rubutu, tana juya takarda tana buga baka da ɗigo da hannunta. A 1963 aka fara fitar da ASCII a Amurka, tsarin da ke ba haruffa da alamomi lambobi. Yana da lambobi 128, waɗanda a siffarsa ta yau 95 daga cikinsu ne ake bugawa a gani, har da gurbin da babu komai. Daga nan sunan wannan zane, ASCII art, ya samo asali. A 1966 kuma Ken Knowlton da Leon Harmon na Bell Labs suka sa na'ura ta auna hasken wani hoto gutsure-gutsure, ta maye gurbin kowane gutsure da ƴar alama mai nauyin tawada daidai da duhunsa. Abin da kod ɗinka yake yi yau ke nan, babu abin da ya sauya sai sauri.

Abin da kwamfuta ke gani

Ka taɓa tsayawa kan mai ɗinkin hula? Idan ka matso kusa, ba ka ganin komai sai zare ya shiga nan ya fita can. Sai ka ja baya taku biyu sannan zanen ya bayyana. Idonka ne ke haɗa shi. Harafi ma haka yake: daga nesa ido ba ya karanta shi, nauyin baƙinsa kawai yake gani. Alamar @ ta cika gurbinta da tawada, saboda haka daga nesa duhu ce. Ɗigon aya kusan babu komai a gurbinsa, saboda haka haske ne. Duk dabarar a nan ta tsaya.

Shi kuwa hoto, a wurin kwamfuta, jerin ɗigo ne, kowane ɗigo da lambobi uku: ja nawa, kore nawa, shuɗi nawa, kowanne daga 0 zuwa 255. Hoton waya mai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsawo ɗigo miliyan 12 ke nan. Idan ka ce a mayar maka da shi haruffa 80 a faɗi, layi 30 a tsawo, haruffa 2400 kacal za ka samu. Ka yi lissafin da kanka: harafi ɗaya ne zai tsaya a madadin ɗigo 5000, kuma abin da zai iya faɗa a kansu duka shi ne "nan da duhu" ko "nan da haske". Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne zai bayyana maka duk abin da ya same ka. Aikin nan zubarwa ne. Kana zubar da kusan duk abin da ke cikin hoton, gwanintar kuma ita ce sanin abin da za ka rage.

Ga kod ɗin da nake ba ɗalibaina su fara da shi. Yana bukatar Pillow, wato kayan aikin Python na sarrafa hoto, kuma yana tafiya a kwamfuta, yana tafiya a wayar Android ta cikin manhajar Termux ko Pydroid 3:

```
from PIL import Image, ImageOps

tsani = "@%#*+=-:. "
hoto = ImageOps.exif_transpose(Image.open("fada.jpg"))
hoto = hoto.convert("L")
hoto = ImageOps.autocontrast(hoto, cutoff=2)
fadi = 80
tsawo = int(fadi * hoto.height / hoto.width * 0.5)
hoto = hoto.resize((fadi, tsawo))
for y in range(tsawo):
    layi = ""
    for x in range(fadi):
        haske = hoto.getpixel((x, y))
        layi += tsani[haske * len(tsani) // 256]
    print(layi)
```

Abin da na kira tsani jerin haruffa goma ne daga mafi duhu zuwa mafi haske, na ƙarshensu gurbi ne babu komai. Idan hasken wani wuri 200 ne, sai a ninka da 10 a raba da 256, a samu 7, a ɗauko harafin da ke mataki na 7, wato alamar ɗigo biyu. Ka tuna Python daga sifili yake fara ƙirga. Idan hasken 30 ne, mataki na 1 ke nan, alamar %. Layin exif_transpose kuwa na sa shi ne saboda wayoyi kan ajiye hoto a kwance su rubuta a gefe cewa a tayar da shi idan za a nuna. Pillow ba ya tayarwa sai ka ce masa, shi ya sa wasu ke ganin mutuminsu ya fito a kishingiɗe.

Miƙewar hoto ita ce mafi sauƙin magani. Ɗigon hoto faɗinsa da tsawonsa ɗaya ne, harafi kuwa tsawonsa ya kusa ninka faɗinsa. Idan ka ba kowane ɗigo harafi guda ba tare da gyara ba, hoton da ya kamata ya ci layi 30 zai ci 60, dogari ya koma kamar giginya. Wannan 0.5 da ke cikin kod ɗina shi ne maganin, kuma na tabbata shi ne babu a naka. Ba dole ya zama 0.5 cif ba, ya danganta da salon rubutun da tazarar layi. Ni yadda nake yi, sai in ɗauki hoton faifai ko murfin kwano, abin da na san da'ira ne, in yi ta taɓa lambar tsakanin 0.45 da 0.55 har ya fito zagaye sosai. Minti biyu an gama.

Inda dogarai suka shiga

Wannan ta fi daɗin bayani. Layin convert("L") yana narkar da launi uku su koma lamba guda, kuma ba raba su uku yake yi daidai ba. Yana ɗaukar 0.299 na ja, 0.587 na kore, 0.114 na shuɗi, domin idon ɗan Adam ya fi jin hasken kore, ya fi raina na shuɗi. Ma'aunin tsohon talabijin ne aka gada. Ja zalla mai 255 yana komawa 76, kore zalla 150, shuɗi zalla 29 kacal. Shi ya sa rigar da aka rina da baba, duk ƙyallinta, kusan baƙa take fitowa.

To kayan dogari ja ne da kore. A idonka babu launi biyu da suka fi su rabuwa. Amma ɗauki ja mai lambobi 200, 40, 40, ka yi masa wancan lissafi, za ka samu 88. Ɗauki kore mai duhu, 30, 125, 50, shi ma 88. A wurin kod ɗinka rigar nan launi guda ce, harafi guda zai ba ta daga wuya har ƙasa. Ka ƙara da cewa bangon da ke bayansu da ƙasar da suke tsaye a kai, idan rana ta take, haskensu kan zo kusa da juna. Wannan matsala ce ta garinmu musamman. Gidajen Birni na ƙasa ne, titi ƙasa, duwatsun ma launinsu bai yi nisa ba, idan kuma hazo ya sauka lokacin hunturu sai sama ita ma ta bi sahu. Na taɓa ɗaukar wani zane mai kyau na jikin zaure a Birni da tsakar rana, na ba kod, ya dawo min da shafi cike da alamar + da =, kamar ban ɗauki komai ba. Na koma wurin bayan la'asar, rana ta karkata, kowane tudu na zanen ya yi inuwarsa, sai ga dagi ya fito sarai da kod ɗin da ban taɓa ko harafi a cikinsa ba.

Ga dogarai akwai dabara. Maimakon narkar da launukan uku, ka ɗauki guda: hoto.split()[0] zai ba ka jan kaɗai. A nan jan riga 200 ne, koren 30, sun rabu kamar dare da rana. Ka gwada ukun ka ga wanda ya fi fito da abin da kake so. Amma gaskiya, ko da wannan, hoton taron Sallah ba na wannan aiki ba ne. Idan mutum goma ne a cikin faɗin haruffa 80, kan kowane mutum bai fi harafi uku ko huɗu ba. Babu kod a duniya da zai fitar da fuska daga harafi huɗu. Ka zaɓi dogari guda, ka yanke hoton daga rawani zuwa ƙirji, ka bar sauran.

Fuskar kaka

A nan nake so ka natsu, domin yawancin darussan da za ka gani a intanet da hoton farar fata aka gwada su, ba su san da wannan matsala ba. Tsohuwarmu ta zauna a tsakar gida, ta yafa farin mayafi, rana na dukan bangon bayanta. Waya ta auna hasken wurin duka, ta rage shi don kada farin ya ƙone. Fuskar gaba ɗayanta, da goshi da kunci da idanu da tsagar gado in akwai, sai ta matse a tsakanin, a ce, 30 da 80. A tsani mai mataki goma, haruffa uku kawai ta samu: % da # da *, dukansu masu duhu. Sauran bakwai sun tafi wurin mayafi da bango, waɗanda ba su kake son gani ba.

Za ka ce ai autocontrast na nan. Yana nan, amma aikinsa shi ne ya ja mafi duhun hoton zuwa 0, mafi haskensa zuwa 255. Muddin farin mayafi na cikin hoton, ya riga ya kai ƙarshen, babu abin da za a ja. Saboda haka almakashi ne maganin farko. Ka yanke hoton da crop har fuskar ta cika shi, mayafin ya rage kaɗan a gefe, sannan ka ɗaga cutoff zuwa 5 ko 10 don a yi watsi da ɗan farin da ya saura. Yanzu tazarar nan ta 30 zuwa 80 za ta buɗe ta mamaye tsanin, fuskar ta samu haruffa takwas ko goma maimakon uku. Idan bai isa ba, ka sa ImageOps.equalize a madadin autocontrast. Shi yana raba matakan ne gwargwadon yawan ɗigo: inda ɗigo suka yi cunkoso, nan yake ba matakai da yawa. Wani lokaci yakan wuce gona da iri, ya mayar da fuska kamar an shafa mata toka, don haka ka riƙa gwada biyun kana dubawa.

Wasu za su ce maka ka gyara gamma, wato ka ɗaga kowane haske da ƙarfin 0.5 ko 0.6. Yana haskaka fuskar, babu musu, amma ka lissafa: da 0.5, 30 ya koma 87, 80 ya koma 143, daga mataki na 3 zuwa na 5. Haruffa ukun dai ne, an matsar da su tsakiya kawai. Ni ban ɗauke shi babban magani ba. Abin da ya fi duka, idan kaka na kusa kuma ta yarda, ka sake ɗaukar ta a bakin ƙofar ɗaki, haske na shigowa ta gefe guda, bayanta duhun ɗaki. Rabin fuska da haske, rabi da inuwa. Irin wannan hoton ko da haruffa biyar yana fitowa.

Wani abu da ke baƙanta fuska ba tare da laifin hoto ba: tsanin da na rubuta na farar takarda ne da baƙin rubutu. Idan allonka baƙi ne rubutun fari, kamar yadda Termux yake, to @ ta koma mafi haske, gurbi ya koma mafi duhu, hoton ya juye kamar tsohon fim ɗin da ba a wanke ba. Sai ka juya tsanin: tsani[::-1]. Ka fara duba wannan tun kafin ka taɓa wani abu.

Tun da mun zo kan tsani, kada dogo ya ruɗe ka. Akwai wani mai haruffa 70 da ke yawo, wanda aka fi sani daga shafin Paul Bourke, inda na goman nan ma yake. Mutane na ganin 70 ya fi 10. A gwajina, in dai hoton bai kai faɗin haruffa ɗari da wani abu ba, dogon tsani hayaniya yake ƙarawa: ido ya fara karanta haruffa, ga q ga Z ga f, ya manta da hoton. Kuma jerin nauyin ya danganta da salon rubutun da aka auna shi, abin da muke kira polis a lakwal, wanda ba shi da haɗi da ƴan sanda. Idan kana son naka tsanin na gaskiya, aiki ne mai daɗi na yamma guda: ka sa ImageDraw ya rubuta kowane ɗaya daga haruffa 95 a cikin ɗan akwati, ka ƙirga baƙin ɗigon kowanne, ka jera su, ka tsinci goma ko sha biyu masu tazara daidai. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ya fahimci abin fiye da wanda ya kwafi kod ɗari.

Abin da WhatsApp ya yi maka

Abu biyu ne. Na farko, rubutun yau da kullum na waya kowane harafi da faɗinsa: i siririya ce, m mai faɗi, gurbi ɗan mitsitsi. Zanen haruffa kuwa sai kowane harafi ya ci faɗi ɗaya sannan na sama ya tsaya kan na ƙasa. A WhatsApp, ka sa alamar ` sau uku kafin zanen da sau uku bayansa, zai nuna shi da haruffa masu faɗi ɗaya, kuma zai daina ɗaukar * da _ a matsayin umarnin kaurara rubutu ko karkata shi. Na biyu, faɗi. Lambar 80 gadon tsofaffin allunan kwamfuta ce irin VT100, masu haruffa 80 a layi 24. Akwatin saƙon waya bai kusa da haka ba. A tawa, abin da ya haura talatin da kaɗan sai layi ya karye ya sauko ƙasa, kuma da zarar layi ɗaya ya karye hoton ya tafi. Ni 28 nake sawa idan zan tura wa mutane da yawa. Ko da haka ba ni da iko da wayar wanda zai karɓa. Dattijon da ya ƙara girman rubutu don idonsa zai ga tarkace, babu yadda za ka yi. Idan abin na nunawa ne kawai, ka ɗauki hoton allo ka tura, ko da yake a nan ka koma gidan jiya: ka mayar da hoto haruffa, ka mayar da haruffa hoto.

Ta SMS kuwa kada ma ka fara. Saƙo guda haruffa 160 ne, kuma da ka sa harafi ɗaya da ba ya cikin jerin haruffan tsarin waya na GSM sai ya faɗo 70. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba sa cikin jerin nan, ba sa cikin ASCII ma. Ana iya sa su a tsani, na gwada don sha'awa, amma idan salon rubutun ba shi da su, waya takan aro su daga wani salon mai faɗi daban, layi ya goce. Wani abokina malamin allo ya tambaye ni ko za a yi da ajami. Na so ƙwarai, sai dai haruffan Larabci suna manne wa juna, suna sauya siffa gwargwadon maƙwabcinsu, kuma na'ura na juya layin daga dama zuwa hagu. Hanyar da ta yi min aiki ita ce in sa kod ya zana kowane harafi shi kaɗai a gurbinsa a kan hoto, amma wannan ya zama hoto ke nan, ba rubutun da za a kwafa ba.

Idan faɗi 28 ya yi maka kaɗan

Zai yi maka kaɗan kuwa. Mafita ita ce rubutun makafi. A cikin Unicode, tsarin da ya ba haruffan duniya lambobi, akwai alamomin Braille guda 256, daga U+2800 zuwa U+28FF, kowacce gurbi ce mai ɗigo takwas, biyu a faɗi huɗu a tsawo. Harafi guda yanzu ba "duhu ko haske" kawai yake faɗa ba, yana nuna ɗigo takwas kowanne a wurinsa. Haruffa 28 sun zama ɗigo 56 a faɗi. Kuma da yake biyu da huɗu sun yi daidai da siffar gurbin, ɗigon kusan murabba'i ne, ba ka bukatar 0.5. Kowane ɗigo da lambarsa: na hagu daga sama 1, 2, 4, na dama 8, 16, 32, na layin ƙasa kuma 64 a hagu, 128 a dama. Ka tara lambobin waɗanda ke kunne, ka ƙara 10240, wato U+2800 ɗin nan, ka ba chr na Python ya fitar maka da harafin. Layin ƙasan nan da ya fita daga tsari yana kayar da mutane da yawa. Dalilinsa shi ne Braille na asali ɗigo shida ne, daga baya aka ƙara biyun.

Sai dai ɗigo ko yana nan ko ba ya nan, babu toka-toka. A nan dabarar Floyd da Steinberg ta 1976 ke shigowa, kuma duk wanda ya yi ciniki a kasuwar Dole ya san ta ba tare da ya sani ba. Ka sayi abu, babu canji, mai kanti ya ce ka bari yana binka ko kana binsa, gobe a cire a ciniki na gaba. Haka kod ke yi: ɗigo mai haske 100 dole ya zama 0 ko 255. Aka mayar da shi 0, saura bashin 100. Maimakon a yafe, sai a raba shi ga maƙwabtan da ba a kai gare su ba: kashi 7 cikin 16 ga na dama, 5 ga na ƙasa, 3 ga na ƙasa ta hagu, 1 ga na ƙasa ta dama. A ƙarshe babu wanda ya ci hakkin wani, wurin da ke da rabin haske ya samu rabin ɗigo. Ba sai ka rubuta shi da kanka ba, convert("1") na Pillow da shi yake aiki. Da wannan hanya fuskar kaka za ta fito a waya fiye da yadda kowane tsani zai fitar da ita. Abu guda zan roƙe ka: kada ka riƙa jefa irin wannan a zauren da ka san akwai makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo, domin za ta yi ta karanto masa alamomin ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wata hanyar kuma da ta dace da gine-gine da zanen bango. Maimakon tambayar nauyin duhu, sai a tambayi inda gefen abu yake da inda ya fuskanta, ta hanyar lissafin Sobel, a sa | inda layi ke tsaye, - inda yake kwance, / da \ inda ya karkata. Ga zankwayen saman soro da bakin ƙofa tana da kyau, ga fuska kuwa takan mayar da mutum kamar an zana shi da tsinke. Launi ma yana yiwuwa a baƙin allon umarni, ta hanyar sa ƴar lambar ANSI mai sauya launi kafin kowane harafi, amma kowace lamba na iya cin bait 19, saboda haka fayil ɗinka mai bait 2400 da ɗoriya zai ninku kusan ashirin, kuma WhatsApp bai san da ita ba. Idan kawai sakamako kake so ba koyo ba, wasu sun riga sun gama aikin: jp2a, da libcaca, da chafa, da kakansu AAlib na Jan Hubička daga shekarun 1990, wanda har bidiyo ake kallo da shi. Ka sauke chafa ka gwama abin da ya fitar da naka, za ka ga inda ka rage.

Za ka iya tambaya, duk wannan wahala amfanin me? Yawanci wasa ne da koyo, kuma ni ban ga aibu a haka ba. Babu darasin da na sani da ke koya wa sabon ɗalibi madauki cikin madauki da lissafin jeri da sauri kamar wannan, domin idan ya yi kuskure da idonsa yake ganin kuskuren. Amma ya taɓa yi min aikin kuɗi sau ɗaya. Wani mai kanti a Zengo ya sa na haɗa masa manhajar rasit, da ƴar na'urar buga rasit mai takarda milimita 58. Yana son tambarin kantinsa, kan raƙumi, ya fito a sama. Irin waɗannan na'urori suna iya buga hoto, amma tasa, ta hanyar da muka haɗa ta da waya, duk hoton da muka tura sai ta yi ta aman takarda cike da shirme. Rubutu kaɗai take karɓa lafiya, haruffa 32 a layi, kowane harafi ɗigo 12 a faɗi 24 a tsawo, wato 0.5 cif. Na ba kod tambarin a faɗi 32, ya fito wani abu tsakanin raƙumi da buta. Na rage tsanin zuwa haruffa uku, #, + da gurbi, ya ɗan yi dama. Sauran da hannu na gyara, na buɗe fayil ɗin na share haruffa kamar goma sha biyar a wuya, na sa ɗigo guda a wurin ido. Har yanzu raƙumin nan yana saman rasit ɗinsa.

Kai ma kada ka ji kunyar gyara da hannu bayan kod ya gama nasa. Ka fara da hoton kaka: ka yanke shi, ka duba ko tsaninka ya dace da launin allonka, ka sa 0.5, ka fitar da shi a faɗi 80 a kwamfuta, sannan ka miƙe ka koma bakin ƙofa ka kalle shi daga can. Idan ka gane ta daga nan, sai ka sauko 28 da Braille ka tura wa abokan naka. Ka gaishe min da ita.